Martani: Ƙwaya Ta Riga Mu Shiga Asibitin Yara

Wani ɗan'uwa marubuci ya fitar da maƙala kwanakin baya yana fatali da shawarar da ake ta kawowa, cewa asibitocin yara na Kano su sa hannu a yaƙi da shaye-shaye. Ya yi rubutun da hankali, kuma na san da yawa daga cikin masu karatu sun gyaɗa kai. Shi ya sa ma ya cancanci a mayar masa da amsa, don maganar da ta yi kama da gaskiya ta fi ƙarya tsagwaronta saurin shiga kunne.

Ga abin da ya ce, iyakar yadda na fahimce shi. Asibitin yara aikinsa ya riga ya fi ƙarfinsa: zazzaɓin cizon sauro, tamowa, amai da gudawa, ƙyanda, ga mashaƙo da ta addabi Kano tun ƙarshen 2022. Likitan da layin uwaye ke jiransa tun asuba, ina ya ga sukunin zama da ɗan ƙwaya? Ya ƙara da cewa shaye-shaye matsalar samari ce da magidanta, ba ta yara ba. Kuma asalinta lalacewar tarbiyya ce, don haka maganinta na hannun iyaye da malamai da Hisba da hukumar NDLEA. A ganinsa wannan shawara kwaikwayon Amurka ne kawai. In ana son gyara na gaske, in ji shi, a tayar da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa da suka durƙushe, matasa su samu aikin yi, ƙwaya za ta mutu da kanta. Daga ƙarshe ya yi gargaɗin cewa ranar da aka fara ganin 'yan sholisho a harabar asibitin yara, ranar uwaye za su daina kai jariransu.

Batun nauyin aiki gaskiya ne, ba na musu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 132 cikin kowane 1,000 na rasuwa kafin su cika shekara biyar a Nijeriya, a shiyyarmu ta Arewa maso Yamma kuwa 187. Duk wanda ya taɓa leƙa Asibitin Yara na Hasiya Bayero a tsakiyar damina ya san abin da ake nufi da cunkoso. Inda Malam marubucin ya kauce hanya shi ne da ya ɗauka ƙwaya tana bakin ƙofa tana jiran a ba ta izinin shiga. Ta daɗe a ciki. Tana kan gadon ɗakin gaggawa, tana layin masu sikila, tana ɗakin jarirai. Abin da ya rage a yanke shi ne ko likita zai tambaya ya rubuta, ko zai ci gaba da sallamar yaro da maganin zazzaɓi.

Mu fara da cewar da ya yi matsalar ba ta yara ba ce. Babban binciken da ake kafa hujja da shi a ƙasar nan shi ne wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, aka fitar da sakamakonsa a Janairun 2019. Ya ce mutum miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, wato kashi 14.4 cikin ɗari. Ya ba Kano kashi 16, mutum fiye da miliyan ɗaya. Malam zai iya cewa ai duk waɗannan manya ne. Haka ne, amma ya duba dalili: binciken daga ɗan shekara 15 ya fara ƙirga, ya tsaya a 64. Ɗan shekara 12 da ke rungume da tsumman sholisho a bayan garejin Dakata ba ya cikin lissafi, saboda ba a je an tambaye shi ba. Ashe rashin ƙirga yaro shi ne shaidar cewa ba ya sha? Wannan binciken dai ya ce matsakaicin shekarun fara shan wiwi 19 ne. Duk wanda ya yi lissafin firamare ya san kafin matsakaici ya tsaya a 19, sai an samu waɗanda suka fara tun ba su kai shekarun nan ba. Su waɗannan a wane asibiti ya kamata a gan su?

Kuma duk mazaunin Gama ko Tudun Murtala ko Gwagwarwa ko Kawaji bai buƙatar takardar Majalisar Ɗinkin Duniya kafin ya san wa ake aika sayen ƙwaya. Yaro ake aika. Yaron mai faci ne ke wuni da gwangwanin sholisho a gabansa, haka yaron mai haɗa takalmi. 'Yan gwangwan da ke zagaye bolar masana'antu da buhu a kafaɗa, nawa ne cikinsu suka balaga? Sinadarin da ke cikin sholisho yana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta, yana iya tsayar da zuciya nan take ko a shaƙar farko. Likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma wanda ya fara sha da wuri shi ya fi saurin kamuwa ya kasa bari. Malam ya jawo karin maganar nan ta icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi don ya kare matsayin iyaye. Na yarda da karin maganar. To me ya sa likitan da ke ganin iccen yana ɗanye shi kaɗai aka ce ya naɗe hannu?

Mu shiga ɗakin gaggawa. Tiramol, in an sha fiye da ƙima, jijjiga yake sawa. Ƙimar da hukumar NAFDAC ta amince da ita miligiram 50 ce da 100, amma wanda ke yawo a unguwanni mai 200 ne da 225. A kawo ɗan shekara 13 yana jijjiga a watan Agusta, me kowa zai fara zato? Zazzaɓin da ya hau kai, ko sanƙarau, ko farfaɗiya. A gida kuma a ce iska ce. A yi masa allurai, ya farfaɗo, a sallame shi, bayan wata biyu a sake dawowa da shi. Gadon da Malam ke kishin kada a ba ɗan ƙwaya, ga shi ɗan ƙwaya ya hau sau biyu, ya ci magani da ruwan leda da lokacin nas, kuma ba a taɓa ciwon da ya kawo shi ba. Wannan ne tattalin da ake mana wa'azinsa? Ban da ƙanƙanin da ya tsinci ƙwayar yayansa a ƙarƙashin katifa ya haɗiye yana zaton alawa ce. Ban da jaririn da uwarsa ta sha kodin ko tiramol tun tana da cikinsa, a haife shi yana ta tsala kuka da karkarwa ya ƙi kama nono, saboda jikinsa ya saba da abin da aka yanke masa ranar haihuwa. Binciken 2019 ɗin nan ya ce cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye ɗaya mace ce. Matan nan suna aure, suna haihuwa. Shin jaririn kwana biyu shi ma tarbiyyarsa ce ta lalace, a kai shi Hisba?

Akwai wurin da na so a ce Malam ya tsaya ya yi tunani kafin ya ɗauki alƙalami, wato sikila. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen haihuwar masu amosanin jini, kimanin jarirai 150,000 a shekara a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma Kano na da kaso mai tsoka, ɗaya daga cikin dalilan da suka sa a 2024 jihar ta kafa dokar gwajin jini kafin aure. Wanda bai taɓa ganin yaro mai sikila cikin tashin ciwo ba, bai san zafi ba. Dole a ba shi magani mai ƙarfi, hana shi zalunci ne. Allurar da aka fi samu a wurarenmu ita ce fentazosin, wadda masu ciwon ke kira fenta, kuma tana cikin dangin magungunan da jiki ke sabawa da su. Likitocin Nijeriya sun yi rubuce-rubuce da dama a kan masu sikila da suka fara karɓar ta a gadon asibiti suna yara, suka koyi sunanta, suka gane kemis ɗin da ke sayarwa ba takarda, suka koma yi wa kansu a ɗaki, har cinyoyi da damatsa suka zama gyambo, gaɓoɓi suka sandare. Waɗannan ba a majalisar 'yan daba suka koya ba. Da yawansu 'ya'yan gidan mutunci ne, masu sallah a kan lokaci, wasu mahaddata. Uwa ce ma ke ba da kuɗin allurar da hannunta, don ba za ta iya jure ganin ɗanta yana murƙususu ba. Wane malami ne zai yi wa wannan uwa wa'azin tarbiyya? Wanda zai iya hana wannan ƙofa buɗewa shi ne likitan yara: ya tsara yadda za a kashe zafin ciwo ba tare da wuce gona da iri ba, ya bibiyi yawan allurar da yaro ke karɓa, ya zaunar da iyaye ya faɗa musu alamomin da za su lura da su, ya samar da magungunan rage tashin ciwon tun farko. In asibiti na cikin hanyoyin da sabo ke shigowa, da wane baki zai ce ba ruwansa?

Haka batun maganin tari. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire kodin daga jerin muhimman magungunan yara, a 2017 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta hana ba ɗan ƙasa da shekara 12 kodin da tiramol. Mu nan sai da BBC ta fitar da fim ɗinta na bincike a ƙarshen Afrilun 2018, da hotunan matasan Kano ɗaure da sarƙa a cibiyar gyaran hali ta Ɗorayi, sannan washegari gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi. Kafin nan, a 2017, an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa kwalba miliyan uku ake shanyewa kullum a Kano da Jigawa. Ko da an yi wa adadin gishiri, ya isa ya nuna girman abin. An hana kodin, an tsananta wa tiramol, an tashi 'yan magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro a 2024. Sai ga BBC ta sake dawowa a Fabrairun 2025 da labarin wata sabuwar ƙwaya daga Indiya da ta maye gurbin tiramol a titunan Afirka ta Yamma. Kamu da hani suna da amfani, ban raina su ba. Amma duk lokacin da aka toshe wata kwalba, mai sha yana nan da ƙishirwarsa, ɗan kasuwa kuma yana nan da dabararsa. Shi mai shan wa zai duba shi?

A nan ne Malam ya ce iyaye da malamai da hukuma. To mu bi uwar da ta ga ɗanta ɗan shekara 14 ya fara dawowa gida ido jawur, harshe na karyewa, kuɗin cefane na ɓacewa. Ta yi faɗa, uban ya yi duka, an kai shi wajen malam an yi rubutu an yi addu'a, kuma duk waɗannan suna da muhallinsu. Abin bai tsaya ba. Ina za ta nufa? Ta kai shi NDLEA da ƙafarta? Hukumar na da sashen ba da shawara da gyaran hali, amma a idon uwa ofishin masu kama mutane ne, kuma ba ta yi ƙarya ba. Ta kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau? A garin nan, ranar da aka ji an kai yaro Dawanau an gama yi masa suna, har ƙannensa mata sai abin ya bi su ranar neman aure. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200, masu ƙwarewa a kan yara kuwa 'yan ƙalilan ne a cikinsu. Makarantar gyaran hali ta Ƙiru mutum nawa za ta ɗauka? Saura gidan mari. Mun ga abin da aka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019, mutum fiye da 300 har da ƙananan yara, wasu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Aka sake gani a Daura da Katsina da Zariya, har gwamnatin Kano ta ba da umarnin rufe irin waɗannan gidaje. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne, kuɗi ma suke biya. Sun rasa ƙofar da za su ƙwanƙwasa ne. An rufe gidan mari, madalla. Me aka buɗe a madadinsa?

Asibitin yara shi ne wuri guda da uwa ke shiga da ɗanta ba wanda zai ɗaga ido ya dube ta. Can ta kai shi rigakafi, can ta kai shi da ya yi ƙyanda, katinsa na can. Maƙwabciya ta gan ta a layi, iyaka ta ce mata ya mai jiki. Wannan sutura ita ce babban jarin da asibitin yara ke da shi a wannan yaƙi, babu kuma wata hukuma da ke da irinta.

Batun masana'antu kuwa, wa zai ƙi? Duk ɗan Nassarawa da ya girma yana jin jiniyar tashi daga aiki a Bompai ya san abin da aka rasa da masaƙu da sauran kamfanoni suka rufe, tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 zuwa matsalar wuta da kwararowar kayan waje. Zaman banza na ciyar da shaye-shaye, babu ja. Sai dai shekara nawa ke nan ana alƙawarin farfaɗo da su? Yaron da ya fara shaƙar sholisho bana, mu ce masa ya dakata sai wuta ta tsaya a Challawa? Sannan akwai abin da Malam bai faɗa ba: ba marar aiki kaɗai ke shan ƙwaya ba. Tiramol ya yi kasuwa ne a matsayin maganin ƙarfi. Lebura mai dako, mai tura kurar ruwa, ɗan adaidaita, mai aikin kwana a gaban inji, da yawa don su jure aiki suke sha, wasu a cikin shayi ko gadagi. Yaron da ke koyon aiki a hannunsu yana kallo, kuma darasin da yake ɗauka shi ne wannan ƙwaya ta jarumai ce. Ko gobe aka buɗe kowace masana'anta a Sharaɗa, wannan darasin ba zai goge kansa ba.

Zargin kwaikwayon Amurka ba zai ɗauke mu lokaci ba. Allurar rigakafin mashaƙo ma ba a kasuwar Kurmi aka ƙirƙiro ta ba. Abin dubawa shi ne ko abu na da amfani kuma muna iya ɗaukar nauyinsa. A Asibitin Yara na Boston, wani likita mai suna John Knight da abokan aikinsa sun fitar da tambayoyi shida a 1999, waɗanda yanzu ake amfani da su a ƙasashe da dama. Ana tambayar matashi ko ya taɓa shiga motar da wanda ya bugu ke tuƙawa, ko yana sha don ya samu natsuwa, ko yana sha shi kaɗai, ko yana manta abin da ya yi in ya sha, ko 'yan'uwa ko abokai sun taɓa ce masa ya rage, ko sha ya taɓa jefa shi cikin rigima. Wanda ya amsa e sau biyu, a zauna da shi. Ina injin da za a sayo a nan? Ina ginin da za a yi? A mayar da su Hausa, a sa babur da adaidaita a inda aka ce mota, nas ko jami'in lafiya ya yi su cikin 'yan mintuna, uwa ta ɗan ba su wuri.

Wannan ya kawo mu ga tsoron da ya rufe maƙalarsa da shi, na 'yan sholisho a harabar jarirai. Hoto ne mai tayar da hankali, amma ba wanda ya nemi a yi haka. Ba a ce a mayar da Hasiya Bayero ko Asibitin Yara na Khalifa Isyaku Rabi'u da ke titin gidan zu gidan gyaran hali ba. Abin da ake nema bai wuce a riƙa tambaya ba, a ware wa 'yan shekara 10 zuwa 18 yini guda a mako da ɗaki guda, su da a yanzu sun yi girma da layin jarirai sun kuma yi ƙanƙanta da layin manya. Wanda abinsa ya yi nisa a haɗa shi da likitocin ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano da takarda a hannu, a kuma bibiya ko ya je. Sassan yara na Asibitin Muhammad Abdullahi Wase da na Sir Sanusi a 'Yankaba da na Giginyu, waɗanda su ne a bakin unguwannin da ke kewaye da Bompai, su ma su shigo. A riƙa rubuta abin da aka gani, ba suna, don a ƙarshen shekara Kano ta san yara nawa ne, 'yan shekara nawa, me suke sha, daga wace unguwa. Wannan ƙidaya ita za ta gaya wa mai unguwa da limami da shugaban makaranta da ita kanta NDLEA inda za su sa ƙarfi. Kuma in ma'aikatan rigakafi na iya bin gida-gida da ɗigon shan inna, me zai hana likitan yara zuwa Islamiyya ko taron iyayen yara sau ɗaya a zango ya faɗa wa uwaye yadda ake gane yaron da ya fara, da abin da za a yi kafin a kai ga sarƙa?

Sharaɗi ɗaya ne ba a sassauci a kansa: sirri. Ranar da aka ji likita ya miƙa sunan yaro ga 'yan sanda, ranar an rufe wannan ƙofa har abada, kuma a nan tsoron Malam zai tabbata ta wata fuskar.

Malam ya ce aikin likita ceton rai ne, ba gyaran hali ba. Yaron da ke jijjiga saboda tiramol, rai ne da shi. Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da Hukumar Kula da Asibitoci su fara da asibitocin yara biyun nan da sashen yara guda a Nassarawa, su horar da ma'aikata, su sa tambayoyin a cikin kati, bayan shekara su fito da alƙaluma kowa ya gani. Shi kuma ɗan'uwana marubuci, kafin ya sake ɗaukar alƙalami a kan wannan batu, ya samu likitan da ke duba masu sikila ya tambaye shi labarin fenta.